Jiki Magayi: Abin da Rama da Ƙiba Ke Faɗa Game da Manya Masu Otizim

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na lafiya. Mun sa shi a takarda don wanda kasuwa ko kiwo ya hana shi saurare, da wanda ke son a sake karanta mashi a natse.

Kiran wata baiwar Allah, ƴar kasuwar albasa daga Gaya, shi ya jawo maganar. Tana da ƙane mai shekara wajen 30. Tun yana yaro maganarsa kaɗan ce, ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya son hayaniya, kuma abincinsa biyu ne tak: fura da nono, sai farar shinkafa ba miya. Shekara da shekaru yana bin ta su tsallaka gada zuwa kasuwar Malanbil, shi ke jera buhuna, shi ke ƙirga su, bai taɓa ɓata lissafi ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tsallakawa ta koma ta jirgin ruwa, sai ya ƙi shiga. Ƙarar inji da cunkoso sun fi ƙarfinsa. Ya zauna gida, ya rage cin abinci, ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa. Aka kai shi asibiti, aka ba shi magani. Yanzu yana barci, yana ci, ya yi ƙiba sosai, maƙwabta na ta yi mata barka.

Ta ce mana, “Kowa na cewa ya warke, ya yi kyau. Amma ni na san ba shi ba ne. Ko hatsi aka zubar gabansa ba ya ƙirgawa. Don Allah, ƙiba warkewa ce?”

Amsar a gajarce: a'a Hajiya, ƙiba ita kaɗai ba warkewa ba ce. Ramar farko saƙo ce, ƙibar yanzu ma saƙo ce. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne otizim?

A gari mukan tara mutane iri-iri mu sa masu suna ɗaya. Wasu su ce galahanga, wasu su ce wawa, wasu su ce iska ta taɓa shi. Likitoci sun rarrabe. Abin da suke kira otizim wani tsari ne na ƙwaƙwalwa da ake tasowa da shi tun ƙuruciya. Mai shi yana shan wuya wajen cuɗanya da gane nufin mutane, yana son komai ya tafi yadda ya saba, yana iya kafewa kan abu guda ya san shi ciki da bai, kuma ƙara, haske, wari ko taɓawa na iya yi mashi yawa fiye da yadda suke yi maka. Wani ba ya magana sam. Wani kuwa yana da mata da ƴaƴa da shago, sai dai a ce “haka halinsa yake.”

Ba aikin aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi. Gado na da hannu babba a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. To yaran nan ina suke zuwa? Girma suke yi. Likita Leo Kanner ne ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, bayan ya duba yara 11. Na farko cikinsu, Donald Triplett, ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, bai rasu ba sai 2023 yana da shekara 89. Ke nan otizim ba abin yara kaɗai ba ne. Muna da manyansu a gidajenmu, a tasha, a bakin kogi, a bayan garke.

Abin da bincike ya gano

A 2021 jami'ar Cambridge ta Ingila ta fitar da bincike kan manya fiye da 2,000, kusan rabinsu masu otizim. An ga masu otizim sun fi sauran faɗawa gefe biyu: ko rama fiye da kima, ko ƙiba fiye da kima. An kuma ga cinsu, barcinsu da motsa jikinsu sun fi samun tangarɗa.

Ta ɓangaren zuciya, wani nazari na 2019 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna manya masu otizim wajen 4 cikin 10 na haɗuwa da ciwon fargaba a rayuwarsu, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na haɗuwa da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke kashe wa mutum sha'awar komai. A Suwidin kuma, wani bincike na 2016 kan masu otizim fiye da 27,000 ya nuna matsakaicin shekarun rasuwarsu wajen 54 ne, na sauran jama'a kuwa wajen 70. Farfaɗiya da kashe kai na cikin manyan dalilai.

Waɗannan alƙaluman na ƙasashen Turai ne, inda likita ke kusa. Abin da za mu ɗauka a ciki shi ne: jiki da zuciya tare suke tafiya, kuma mutumin da ba ya iya cewa “raina a ɓace yake” sau da yawa jikinsa ne ke faɗa a madadinsa.

Makiyayi ya fi kowa sanin wannan. Ba ina haɗa ɗan Adam da dabba ba ne, Allah ya kiyaye. Ido nake nufi. Saniya ba ta taɓa ce maka ba ta da lafiya ba, amma daga nesa kana ganin haƙarƙari ya fito, ta ware daga garke, ta bar tuƙa, ka san da magana. Idon nan da ka horar a daji, shi muke roƙon ka juyo da shi gida.

Me ke ramar da shi?

Na farko, zaɓen abinci. Ba iyayi ba ne. A bakin mai otizim yauƙin kuɓewa, warin daddawa ko ƙayar kifi na iya zama azaba ta gaske. Sai ya tsaya kan abinci biyu ko uku. Ranar da ɗaya ya yanke, rabin cinsa ya tafi. Ku duba wanda ya dogara da fura da nono: rani ya yi, nono ya ja baya, ko shanu sun yi nisa neman ciyawa. Sauran gida sun koma tuwo, shi kuwa ya koma yunwa, ba tare da ya ce uffan ba.

Na biyu, da yawansu ba sa jin kiran ciki yadda muke ji. Yunwa na cinsa amma bai gane yunwa ce ba. In ba a ajiye mashi kwano a lokacin da ya saba ba, sai ya wuni haka.

Na uku, sauyi. Rufe hanya, tashi daga mashekari, rasuwar tsohuwar da ke dama mashi fura, auren ƴar'uwar da ta fi gane shi, har canza kwanon da ya saba. Abin da kai za ka shanye cikin kwana biyu, shi yana iya rushe mashi duniya. Fargaba na ɗaure ciki, damuwa na kashe ɗanɗano. Abin da ya faru da ƙanen mai albasa ke nan: ba gada kaɗai ya rasa ba, ya rasa aikinsa, da hanyarsa, da wurin da ake yaba mashi.

Na huɗu, kuma kar a manta da shi: ciwon jiki. Haƙori mai rami, gyambon ciki, tsutsar ciki, bushewar bayan gida, ciwon suga, tarin fuka, sida, duk suna ramarwa. Mai otizim na iya fama da ciwon haƙori wata guda, abin da za ka gani kawai ya ƙi abinci yana dukan kumatunsa. Kar a ce “halinsa ne” a rufe magana. Tari ya wuce sati 2 tare da rama da zufar dare, a je a auna majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a Benin da Nijar.

Me ke sa shi ƙiba?

Nan ne muka fi ruɗuwa, don a wurinmu ƙiba alamar hutu ce. A ce maka “ka yi ƙiba” yabo ne. Amma akwai ƙibar da ba ta jin daɗi ba ce.

Babban dalili shi ne magani. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Abin da likita ke bayarwa na abubuwan da ke rakiyarsa ne: tashin hankali, rashin barci, farfaɗiya, damuwa. Da yawa cikinsu na buɗe ciki su kuma saukar da kasala. Risperidone da olanzapine sun yi suna a kan haka. Haka chlorpromazine da aka fi sani da Largactil, da amitriptyline wato Laroxyl, da maganin farfaɗiya Dépakine. Wasunsu na iya ɗaga suga da kitsen jini. Magungunan na da amfani, sun kwantar da gidaje da yawa. Amma wanda ke shan su yana buƙatar awo a kai a kai, kuma ku ji wannan da kyau: kar a tsayar da su rana ɗaya don an ga ƙiba. Yanke maganin farfaɗiya kwatsam na iya jawo faɗuwa mai haɗari. A koma wurin wanda ya rubuta, shi zai rage ko ya canza.

Dalili na biyu, zaman wuri ɗaya. Saboda tsokanar yara da bakin mutane, gidaje da yawa na kulle nasu a ɗaki, wasu har da mari a ƙafa. Wanda ba ya fita, ba ya aiki, ba mai zama da shi, me ya rage mashi in ba kwano ba? Wani ma ba ya jin ƙoshi, in dai akwai abinci gabansa sai ya ga ƙarshensa.

Na uku, mu da kanmu. Ya fara kuka, a miƙa fanke. Ya fara buga ƙofa, a sayo lemun kwalba. Kwalba guda ta santilita 33 na ɗauke da suga wajen giram 35, kusan ƙwaya 7 na sugan shayi, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ita ce kar ya wuce wajen giram 50 a wuni. Kwalba biyu, an riga an zarce, ba a ma zo kan shayi da koko ba.

Sai gargaɗi ga masu sayayya a tebur. In naku ya rame, wani zai ce a sayo mashi “sha ka fashe”. Yawancin ƙwayoyin nan dexamethasone ne ko dangin maganin buɗe ciki. Dexamethasone na kumbura fuska da ciki, yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana hana barci, yana iya birkita tunani. Kumburi ne, ba lafiya ba. In kuwa tarin fuka ne a ɓoye, ka ƙara wa wuta mai.

Yadda zuciya ke nuna kanta

Abin kamar igiya ne mai baki biyu. Damuwa na canza ci, canjin jiki kuma na ƙara damuwa: nauyi ya hana tafiya, gwiwa ta yi ciwo, barci ya lalace, a yi ta yi mashi dariya, ya ƙara shigewa ɗaki. Ramamme kuma ba ƙarfi, ga saurin fushi, sai a ce ya ƙara taɓuwa.

To yaya za ka gane damuwa a wurin wanda ba ya bayani? Ka gwada shi da kansa na da, ba da sauran mutane ba. Abin da ya fi so, ƙirga ne, rediyo ne, wata tunkiya ce, ya bar kula shi? Barcinsa ya canza? Ya daina wanka, alhali da ba ya fashi? Dukan kai ko cizon hannu ya ƙaru? Kalmomin da yake da su sun ragu? In irin waɗannan suka wuce sati 2, ga kuma nauyi na hawa ko sauka, kar a jira.

In mai magana ne kuma ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, a ɗauke ta da gaske. A tambaye shi kai tsaye cikin taushi, tambaya ba ta sa mutum aikatawa. Kar a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwari na gona da sauran ƙwayoyi, a kai shi asibiti ranar.

Awo: sikeli da igiya

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu da ido, sai ya ɗora a sikeli. To sau ɗaya a wata, da safe, da kaya marasa nauyi, a auna shi a sikeli guda, a rubuta a littafi. In mutum ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 ba da niyya ba, misali mai kilo 60 ya rasa kilo 3, wannan na likita ne. Wanda ya fara sabon magani kuma, a fi sa ido a watannin farko, don lokacin ne nauyi ya fi saurin hawa.

Ma'aikatan lafiya na da lissafin da ke haɗa nauyi da tsawo. A ɗauki tsawo a mita, a ninka shi da kansa, a raba kilo da abin da ya fito. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce mai haɗari. Ga mai tsawon mita 1.70, wannan na nufin ƙasa da kilo 53 da rabi ya rame, sama da 72 ya fara yawa, wajen 87 kuwa an shiga haɗari.

Kai da ke ruga ba sikeli, igiya ta isa. Ka auna tsawonsa daga kai zuwa ƙasa, ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, tumbi ya wuce rabin tsawo, ya yi yawa. Don rama kuma, ka ɗaura ƙulli inda igiyar ta tsaya a wannan wata, ka sake gwadawa wata mai zuwa. In ba ya son a taɓa shi, ka gwada a jikinka yana kallo, sannan ka miƙa mashi ya yi da kansa.

Abin da gida zai iya yi

A nan akwai darasi daga wata mata da makiyaya za su so labarinta. Temple Grandin, an haife ta a 1947 a Amurka, tana da otizim, ta yi jinkirin magana tana yarinya. Ta zama farfesar ilimin dabbobi a jami'ar jihar Colorado, kuma ita ta tsara hanyoyin bi da shanu da mayanka da yawa ke aiki da su a can. Yadda ta yi shi ne, in shanu suka toge a bakin hanya, ba ta cewa a ƙara sanda. Sai ta shiga hanyar da kanta ta duba daga inda idon saniya yake, ta ga inuwa ce, ko sarƙa mai lilo, ko ƙyallin ruwa. A cire abin, shanu su wuce. Ita kanta ta faɗa a fili cewa ta yi fama da fargaba mai tsanani, kuma ɗan magani kaɗan da aiki mai ma'ana sun taimake ta.

Haka za ka yi da naka. Ya ƙi ci? Kafin faɗa, ka duba me ya tare shi. Hayaniyar cin taro ce? A ba shi nasa kwano a gefe mai shiru. Miya ce ta taɓa shinkafa? A raba su. Lokaci ne ya canza? A tsayar da shi, a ɗaura shi da abin da ya sani, kamar bayan azahar da bayan magariba. In azumi ya gabato, a yi shawara da malam da likita tun da wuri, musamman ga mai shan magani.

Sabon abinci a shigo da shi sannu, ɗan kaɗan a gefen wanda ya saba, yau da gobe, ba dole, ba ɗure, ba ɓoye wani abu a ciki, don in ya gano sau ɗaya zai iya barin abincin gaba ɗaya. Ga ramamme, a ƙarfafa abin da yake karɓa: ƙarin nono a fura, gyaɗa a kunu, ƙwai, wake, wagashi, kifin da aka cire wa ƙaya. Ga mai ƙiba, kar a sa shi yunwa, kar a yi mashi gori. A fara da rage lemun kwalba da sugan shayi, a zuba mashi a kwano madaidaici maimakon a bar tukunya gabansa, a ƙara zogale da wake in yana karɓa.

Sai motsi. Shawarar masana ita ce aƙalla minti 150 a sati, wato rabin awa sau 5. Ba sai ƙwallo ba. Kai awaki bakin ruwa, ban ruwan albasa a fadama, jera kaya a shago, tafiya da sassafe kafin gari ya cika. Aiki na yau da kullum da ya san nasa ne yana gyara jiki, yana kuma gyara zuciya, don mutum na son a buƙace shi.

Ina za a nufa?

A fara da asibitin da ke kusa: na yankin Malanbil da Karimama, ko na Gaya. A nemi a duba nauyi, hawan jini, suga, haƙora da ƙirji. In ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a babban asibitin koyarwa na Paraku, akwai a babban asibitin ƙasa na Yamai, akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato. A Jugu kuma akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, mutumin da ya shafe shekaru yana kwance masu taɓin hankali daga mari.

Ku da kuke tsallaka iyaka, ku riƙe littafin asibiti guda, ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Magani ɗaya na iya zuwa da suna daban a Benin, Nijar da Najeriya, sai mutum ya sha abu guda sau biyu bai sani ba. Wanda ya fi sanin halinsa shi zai raka shi, ya gaya wa likita yadda yake a da, da ranar da abu ya fara canzawa. In shi mai magana ne, a bar shi ya faɗi nasa, a ba shi lokaci. Babba ne, ba yaro ba. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, tare ake haɗa su.

Mai albasa, shawarar da muka ba ki a iska ita muke maimaitawa a takarda. Ki koma wurin likitan da kwalin maganin da lissafin kilo, ki ce mashi barci ya samu amma mutumin ya ɓace, a duba suga, a duba ko za a rage ko a canza. Kar ki tsayar da kanki. Sannan tunda jirgi ya gagara, ki kawo mashi kasuwar gida: ko buhu 10 ne a zaure, ya jera, ya ƙirga, ya ba ki lissafi kowace safiya. Ranar da ya gyara maki kuskuren ƙirga, ki kira mu, mu taya ki murna.

Saura ku jama'a. In akwai irinsa a gidanku ko a rugarku, yau ku dube shi da kyau, ku nemo igiya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri. Sai mun haɗu a fili na gaba.